Tanimu Mai Sassaƙe Ya Sha Tsiminsa

Akwai wani mai maganin gargajiya, Tanimu Mai Sassaƙe, da ke baza kolinsa duk ranar kasuwa a gindin wata tsamiya can wajen Gumel. Mutum ne mai zaƙin baki. In ka ji shi a lasifika, tsimin da ke cikin jarkarsa ba abin da ba ya warkarwa, daga basir da shawara har sanyin ƙashi da yawan mantuwa. Sai dai fa shi gogan, tunda yake haɗa tsimin nan bai taɓa kai shi bakinsa ba. Ran nan kasuwa ta cika ta batse, sai ga wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Ladidi, cikin waɗanda aka turo su zaga su ji ko masu magani sun san ƙa'idar abin da suke ɗura wa mutane. Kafin su gama gaisawa jama'a sun kewaye su, har da abokan sana'arsa da suka baro rumfunansu don su ga yadda za ta kaya.

Ta ce, "Baba, wannan tsimin kamar yaya ake shan sa?"

Tanimu ya dubi taron, ya ga in ya yi sanyi yau kasuwarsa ta mutu. Ya ce, "'Yata, ai nawa ba irin na asibiti ba ne da ake auna shi da cokali. Iya ƙishinka, iya shanka."

"To mai ciki fa, da ƙananan yara? Ba ya yi musu komai?"

"Komai kamar me? Itace ne fa na Allah! Tsaya ki gani."

Ya cika kofin silba fal, ya yi bisimilla ya ɗaga kai ya shanye. Ɗaci ya ratsa shi har ƙeya, amma ya daure ya yi murmushi, ya ƙara na biyu don 'yan baya su shaida. Jama'a suka ɗau shewa.

Malama Ladidi ba ta da gaggawa. Ta gyara zama a benci ta ci gaba: ina yake samo saiwoyin, da wane ruwa yake jiƙawa, jarkar nan ta mene ce a da? Tanimu na amsawa, cikinsa na wani irin ƙugi kamar ana tuƙa tuwo. Gumi ya karyo masa. Amsoshinsa suka soma gajarta, ya matse ƙafafu, idonsa na kan butar da ke jingine da tsamiya.

Ta ce, "Saura kaɗan, Baba. Wace illa tsimin nan ke yi in mutum ya sha ya wuce kima?"

Tanimu ya miƙe a hankali, ya suri buta, ya ce, "'Yata, ki ba ni hanya. In kika ƙara tambaya ɗaya, ke da mutanen kasuwar nan duk da idonku za ku ga amsar."