Wandon Kawu Nong a Harbin

Duk unguwarmu babu wanda ya san duniya kamar Kawu Nong. Gaskiya dai bai taɓa wuce Nanning ba, amma meye amfanin wahalar da ƙafa ga mutumin da duk ƙasashe ke cikin wayarsa? Ka ce masa za ka je kasuwa, zai zaunar da kai ya koya maka hanyar da ta fi arha har kasuwar ta tashi. Shi ya sa muke kiransa Sarkin Hanya, shi kuma yana amsawa da gaske.

To sai ga Biao, ɗan marigayi ƙaninsa, ya samo yarinya a Harbin, can arewa mai ƙanƙara, sunanta Yuzhen. Iyayenta suka ce ba sa ba da 'ya sai sun ga babba daga gidan miji. Babban da ya rage mana kuwa Kawu ne. Biao ya turo kuɗin jirgin sama, Kawu ya sayi tikitin jirgin ƙasa na zaman benci, wai mai hankali ba ya biyan kuɗi don ya tsallake ƙasa bai gan ta ba. Biao ya roƙe shi ya sayi rigar sanyi mai kauri, sai Kawu ya tara mu a gaban shagon taliya.

"Ku yara ba ku san sanyi ba. Sanyinmu na kudu jiƙaƙƙe ne, ƙashi yake shiga. Nasu na arewa busasshe ne, iya fata yake tsayawa. Ni da na yi shekara sittin a nan ba wuta a ɗaki, ni za a tsorata da busasshen gari?"

Ya tafi da kwat ɗinsa ɗaya tal, baƙa, wadda yake zuwa biki da jana'iza da ita, ya saka ta tun daga gida don mutanen jirgi su san da wa suke tafiya.

Yana sauka a Harbin gashin hancinsa ya daskare. Wayarsa ta mutu a hannu, ya ce wayoyin arewa ne ba su da tarbiyya, alhali tasa ce. Biao ya zo tarbarsa, kafin su fita tasha Kawu ya zame ya zauna daɓas, Biao ya miƙo hannu, Kawu ya ce bari, ƙasar yake dubawa. Ya ƙi otal ɗin da aka kama masa, ya nemo wani ɗan masauki a bayan tasha na wata Goggo Tong, tagarsa na kallon juji.

A nan fa ilimi ya motsa. Wandon kwat ɗin nasa ya sha romon taliya a jirgi, gobe kuma ganin surukai. Kawu ya wanke shi tas, ya buɗe taga zai shanya a waje kamar yadda kowa ke yi a gida. Goggo Tong ta leƙo.

"Yayana, ɗora shi kan bututun ɗumama ɗaki mana, kafin ka gama shan shayi ya bushe."

"Ƙanwata, shi ya sa kayanku ke warin ɗaki. Tufa iska take so. Mu a kudu kullum muna wanki, ki tsaya ki koya, kyauta ne."

Ta kalle shi, ta kalli wandon, ta ce to malam, ta ja ƙofa.

Da safe wandon ya shigo ɗaki da ƙafarsa, a tsaye, ya daskare ya zama ƙanƙara, ka jingina shi da bango ba ya faɗuwa. Kawu ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ji ƙwal ƙwal, sai murmushi. Wai ya bushe har da sitaci, iskar arewa ta yi masa guga ba ko sisi. Goggo Tong ta kawo masa wandon auduga na mijinta mai jajayen furanni, ya ce shi ba labule ba ne. Ya bubbuga nasa a gefen gado, ya cusa ƙafafu a kan dogon wandon ciki, ya fito yana tafiya kamar almakashi. Biao ya tare tasi, Kawu ya ce a ƙafa za su, ba nisa. Da sun shiga motar ma da asiri ya tonu tun a hanya, amma sanyin titi ya riƙe masa wandon gam har ƙofar gidan su Yuzhen.

Gidan kuwa zafi kamar ɗakin gashin burodi, mahaifinta Tsoho Guan da singileti ma yake zaune. Aka ba Kawu kujera ya ƙi, wai maganar aure a tsaye ake yin ta. Ya ɗaga kofi ya fara.

"Mu zuriyar Nong mutane ne masu kamun kai. Ba a taɓa ganin ɗanmu ya zubar da mutunci a gaban jama'a ba."

Ɗis. Ɗis. Wandon ya fara saki. Ruwa ya biyo ƙafa ya taru tsakanin takalmansa, ya kama hanya a kan katakon ɗaki ya nufi silifas ɗin Tsoho Guan. Kowa ya gani, kowa ya maida ido kan kofinsa. Biao ya yi fari fat, don ya ga aurensa na bin ruwan nan. Kawu kuwa ƙafafunsa sun mutu da sanyi tun a titi, bai ji komai ba, yana ta kamun kai.

Kakar Yuzhen ce ta tashi ta ɗauko tsumma, ta dafa kafaɗarsa.

"Zauna ɗan'uwa, ba komai, marigayi mijina ma haka ya yi a ƙarshe." Ta juya ga ɗanta Tsoho Guan. "Yaron da ya ɗauko tsoho mai wannan lalura tun daga kudu bai ji kunyarsa ba, ba zai wulaƙanta mana yarinya ba. A ba shi."

Kawu ya duba ƙasa, ya buɗe baki zai yi bayanin iska da sitaci, Biao ya taka masa ƙafa da ƙarfi. Wannan kam ya ji.

Ya dawo unguwa yana ba da labarin yadda jawabinsa ya sa surukai suka rasa ta cewa. Yana cikin bayarwa a gaban shagon taliya, mai kawo saƙo ya tsaya da babur yana kiran sunansa, tsaraba daga Harbin. Kawu ya ce a buɗe a gaban kowa, a ga yadda ake girmama manya.

Famfas ne na tsofaffi, babban kwali, kaka ta ce in ya ƙare a faɗa mata.