Ranar da Shugaba Ya Leƙa Kogon Kuka

A wani daji da ke tsakanin kogi da duwatsu, akwai wata tsohuwar kuka mai faffaɗan kogo, wadda dabbobi suka mai da ita ɗakin karatu tun zamanin kakanni. Mai kula da wurin kunkuru ne, Malam Tanimu, wanda ya tsufa a tsakanin littattafai har bayansa ya ɗauki launin bangonsu.

Al'adar wurin ita ce, idan rana ta take, Malam Tanimu ya buɗe littafi ya karanta babi guda a bayyane, domin mafi yawan masu zuwa ba su iya karatu ba. Leburori ne: jakuna masu dakon itace, shanun huɗa, da gafiyoyi masu haƙar rijiya. Sukan shigo jiƙe da gumi, su miƙe a sanyin kogon, kafin Malam ya juya shafi munshari ya danne muryarsa.

Abin yakan tsaya masa a rai. Yakan zauna bayan sun watse yana tambayar kansa ko ilimi yake shukawa, ko kuwa dai shi ma wani nau'in matashin kai ne. Wata rana ya kasa daurewa, ya tare wani jaki mai suna Ɗanbaba a bakin ƙofa.

"Ɗanbaba, duk zuwan nan da kake yi, ka taɓa jin ƙarshen babi kuwa?"

"Allah ya gafarta Malam, farkon nake ji, sauran in ƙarasa a mafarki," in ji jakin. "Kuma ba don raini ba, nawa ƙarshen yakan fi daɗi, don a nawa ba a ɗora wa kowa kaya. Ni dai kada ka fasa. Duk dajin nan, a nan ne kaɗai ake yi mini magana ba aike ba ne."

Malam Tanimu bai san ko yabo ne wannan ba, amma ya adana shi a zuci.

Ana haka sai maganar ta kai majalisar daji. Hankaka Ilu, sakataren majalisa, ya miƙe da farin babban ƙirjinsa ya ce: "Ranka ya daɗe, Shugaba, da sauran 'yan majalisa masu girma. Kakanninmu sun bar mana gidan ilimi, mu kuma mun bar shi ya zama turke. Na wuce ta wurin, abin da na ji ba muryar hikima ba ce, gurnani ne. Idan baƙi suka zo daga wani daji, me za mu nuna musu? Ina ba da shawarar a rufe ƙofar daga hantsi zuwa la'asar, kuma kada a ƙara barin kowa ya shiga sai wanda ya iya karanta sunansa. Mai jin barci ya nemi gindin ƙaya."

Aka yi tafi, musamman daga waɗanda ke da inuwa a gidajensu.

Shugaban majalisar raƙumin dawa ne, Maiwada, wanda aka zaɓa saboda ya fi kowa hangen nesa. Bai taɓa shiga ɗakin karatun ba, domin ƙofar gajera ce, amma yakan yabe shi a kowane jawabi. Ya ce ba zai sa hannu a kan ƙuduri ba sai ya gani da idonsa.

Washegari da azahar majalisa ta taru a gindin kukar. Malam Tanimu yana jin hayaniyarsu daga ciki. Ya dubi leburorin da ke kwance, kafaɗun wasu duk sun saɓule da igiya, ya yi tunanin ya tashe su su zauna tsaf kamar ɗalibai. Sai ya ga idan ya yi haka ya riga majalisa zartar da hukuncin. Ya buɗe littafinsa, labarin wata tafiyar fatauci a kan kogi, ya fara.

Can sama akwai wata taga da tsuntsaye ke shigowa ta cikinta. Ta nan Shugaba ya zuro kansa, ya buɗe baki zai yi sallama.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Tanimu a hankali, "dokar wurin nan, ba a magana sai babi ya ƙare. Kakanni suka kafa ta."

Shugaba mai girmama kakanni ne, sai ya yi shiru. Idanunsa da suka sha rana ba su ganin komai a duhun kogon. Ya ɗora haɓarsa a bakin tagar yana jiran su washe. Tun da aka haife shi bai taɓa samun inuwar da ta kai tsayinsa ba, bai kuma taɓa samun wurin aje wannan dogon wuya ba. Malam Tanimu ya ci gaba da karatu, jirgin fatake yana gangarawa bisa ruwa. Da ya ɗaga ido a shafi na gaba, sai ya ƙara sassauta murya.

A waje 'yan majalisa na tsaye a rana, suna kallon Shugabansu bai ko kaɗa wutsiya ba. "Nazari yake yi," in ji Hankaka Ilu. "Haka yake idan lamari ya yi zurfi."

Sai da inuwa ta karkata sannan Shugaba ya zaro kansa, da shatin bakin taga a haɓarsa. Ya gyara murya ya ce: "Ya ku 'yan majalisa, na bincika da kaina. Tun da na sa kaina a kogon nan har na fitar, ban ga ko dabba ɗaya tana barci ba. Saboda haka ƙofa za ta zauna a buɗe. Sai dai zargin babba ne, bai kamata a yi gaggawar rufe shi ba. Zan riƙa dawowa kullum a daidai wannan lokaci, har sai na gamsu."

Malam Tanimu ya rufe littafin, ya share bakin tagar, ya shimfiɗa ganye mai laushi a kai.

Har yau ba a kammala binciken ba, kuma tsofaffin dajin sun ce ba a taɓa yi musu mulkin adalci irin wanda ake yi tsakanin azahar da la'asar ba.