Fura a Cikin Buta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, da safiyar Talatar da na kusa aika taubashina Isuhu lahira, alhali ni a ganina ceto na je yi.

A shekarun yaƙin Turawa ne. Ni mahauci ne a unguwar Tireshibil, a wani birnin bakin teku can kurmi, da safe ina mahauta, da yamma ina bakin tukuba ina gasa tsire. Isuhu ɗan gwaggona ne, yana zaune a unguwar Ajame, ƙetaren ruwa, sana'arsa tarbar shanun da jirgin ƙasa ke kawowa daga arewa. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawansa, tun muna gida haka muke. Wata rana wani bajimi ya ƙi sauka daga tarago, Isuhu ya ce shi zai sauke shi. Bajimi dai ya sauka, amma daga ranar Isuhu ya kamu da ƙaba, hanji ya zurara masa ƙasan mara. In ta murɗa, ƙaton nan sai ya kwanta yana birgima yana kiran uwarsa.

Sai da ya daɗe yana jira kafin a ba shi gado a asibiti. Bature ɗaya ne ke yin aikin, ran Talata kaɗai, maganin sa barci kuma ya yi wuya don jiragen ruwa sun daina zuwa yadda suka saba. Mai kula da ɗakin marasa lafiya wani dattijo ne ɗan Dahome, babban ma'aikacin jinya, kowa Majo yake ce masa. Ya yi aikin soja a Damagaram, saboda haka yana jin Hausa (har da zagin da ni kaina ban sani ba).

Ran Litinin da la'asar Majo ya tsaya kan gadon Isuhu ya ce, "Daga magariba ba ci ba sha. Ko ɗigon ruwa. Mai nama, da kai nake, don kai na ga idonka ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Na ce, "Na ji, Majo."

Na ji ɗin, amma ina fita sai kaina ya soma aiki, kuma duk ranar da kaina ya soma aiki akwai wanda zai wahala. A mahauta, bajimin da za a yanka gobe shi muke hana ciyawa yau, don tumbi ya yi sauƙin wankewa. Kuma ko shi muna ba shi ruwa! To me waɗannan mutane suke nufi da ɗan gwaggona? Ban da haka, a garinmu ko ɗan kokawa ba ya shiga fili sai ya sha fura, balle wanda zai fuskanci wuƙa. Nan take na rantse Isuhu ba zai shiga ɗakin nan da ciki wayam ba, ko da Gwamna ne ke tsaron ƙofa.

Ba Gwamna ba ne, wani tsohon soja ne, ya fi Gwamna tsanani. Kowane ƙunshi sai ya kwance, kowace ƙwarya sai ya shinshina. Amma na lura buta da buzun salla ba ya taɓa su, yana cewa kayan Allah ne. Da gari ya waye na dama fura ruwa-ruwa yadda za ta bi ta bakin buta, na cika butata taf. Na naɗe tsire tsinke biyar a cikin buzu. Na wuce mai gadi ina jan carbi, har da sunkuyar da kai irin na malamai. Shi ma ya rusuna mini (Allah ya yafe mu duka).

"Tashi, bawana, na kawo maka rai," na raɗa wa Isuhu.

"Majo ya hana."

"Majo ne za a yanka ko kai? Kai da bajimi bai ba ka tsoro ba, yau tsoho mai farar riga ya sa ka rawar jiki?"

Ya dubi ƙofa, ya dubi buta. Na ja masa bargo ya rufe kai, ya kafa baki. Ina jin maƙogwaronsa yana aiki, ina jin daɗi kamar na gina masallaci. Ya shanye rabi, ya bi da tsinke uku.

Can sai ga Majo da tire, da aska, da kwalbar jan magani. Ya kama wuyan hannun Isuhu yana duba agogo, ya sa masa ɗan gilashin awon zafi a hammata, sannan ya ce, "Ka ci wani abu?"

Isuhu ya ƙura wa rufi ido. "A'a."

"Madalla." Ya ɗaga masa riga ya soma aske marar, yana hira abinsa. "Ku mutanen arewa kuna cewa mugunta ce. Ba mugunta ba ce. In aka ɗora wa mutum ƙyallen sa barci a hanci aka ɗiga magani, barcin da yake yi ba irin na gida ba ne. Maƙogwaro ma barci yake yi. Abin da ke ciki sai ya taso, ba mai tare shi, ya bi hanyar numfashi ya cika huhu. Na taɓa riƙe kan wani saurayi, aikinsa ƙarami, shinkafa ce kawai uwarsa ta ba shi a ɓoye." Ya goge aska a tsumma. "Bai farka ba."

Jama'a, gumin da ya keto mini, da an tara shi da kwale-kwale ya yi tafiya a kai. Na dubi Isuhu, Isuhu ya dubi rufi. Majo ya shafe marar da jan magani, ya rufe da farin ƙyalle, mutum biyu suka ɗora shi a gadon ɗauka suka nufi ɗakin aiki.

A baranda kuwa rabin mutanenmu na Ajame sun hallara. Ga Gwaggo, uwar Isuhu, wadda ta tako tun daga can ta haye gadar nan mai lilo a kan ruwa. Ga Sarkin Fawa da dattawansa. In na yi shiru, mutuncina yana nan, Isuhu kuma sai abin da Allah ya yi. In na yi magana, har jikokina sai an yi musu gori. Ban gama lissafi ba na ga ƙafafuna sun riga ni yanke shawara. Na ruga, buta a hannu, buzu a hammata, na sha gaban masu ɗauka.

"Ku ajiye shi! Akwai fura a cikinsa!"

Masu ɗauka suka tsaya cak. Bature ya leƙo daga ƙofa, hannuwansa a sama, jiƙe da ruwan wanki.

Majo ya ce, "Fura? Ta ina ta shigo?"

Sai idonsa ya sauka kan hannuna. Ya karɓi butar a hankali, ya karkata ta. Fura fara fat ta tsiyayo a kan siminti, a gaban Gwaggo, a gaban Sarkin Fawa, a gaban Bature.

"Mai nama, da wannan kake alwala?"

Ya warware buzu, tsinke biyar suka faɗo, uku ba nama. Sarkin Fawa ya ɗauki ɗaya ya shinshina ya ce, "Yajinsa ne, na shaida." Dattawan da ban taɓa ganin haƙoransu ba, ranar na ƙirga su. Bature ya faɗi wata gajeriyar magana da Faransanci ya koma ciki. Majo ya ce, "Ya ce sai Talata mai zuwa. In Allah ya kai mu, wannan ni na ƙara."

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗan ƙanena, ubanka nake ji wa kunya, ba kai ba." Isuhu kuma daga kan gado ya ce, "Bawan banza! An aske ni, an shafe ni da ja kamar ragon da aka sayar, duk a banza!" (Kamar ba shi ya kafa kai a buta ba.)

Dariya ta ƙare ran Juma'a, da ƙabar ta sake murɗawa. Isuhu ya yini yana nishi, Majo yana lallaba ta da hannu har ta koma. Na tsaya a jikin bango na san ni na jawo masa wannan yinin. Da yamma Majo ya kira ni ya ce, "Wauta ka yi, amma ka faɗa da bakinka. Tunda taurin kai gare ka, zan ba ka inda za ka sa shi. Kai ne mai gadin bakin Isuhu."

Na karɓi aikin nan kamar sarauta. Talata ta zo, aka shiga da shi ciki wayam, aka fito da shi yana warin magani, bai san inda yake ba. Majo ya kwantar da shi ba matashi, ya juya masa kai gefe, ya ba ni tasa. "Ka riƙe kan haka. In ya yi amai, cikin tasa. In numfashinsa ya canza, ka kira ni, kada ka yi dabara." Na riƙe kan Isuhu har hannuna ya mutu ya dawo ya sake mutuwa.

Da ya farka kalmarsa ta farko ita ce ruwa.

"Babu."

"Don zumunci."

"Babu, bawana." Na jiƙa tsumma na goga masa a leɓe, yadda aka koya mini. Ya yi ƙoƙarin tsotsa, na fizge.

Majo ya ce ba zai sa masa komai a ciki ba sai hanji ya farka, alamar farkawarsa kuwa, a gafarce ni, ita ce iska ta fita ta ƙasa. Kafin nan mutanenmu sun gano hanyar katangar baya. Kunu, farfesu, tuwo, har da ɗanwake. Ba a mayar wa Gwaggo da ƙwarya cike, ba a kuma zubar da abinci, saboda haka don kare ran ɗan'uwana na zauna na cinye su duka. Na sha wuya ƙwarai. Sai da na ƙara wa wandona mazagi.

Kwana biyu ina zaune kunnena a wajen da bai kamata kunnen mai mutunci ya zauna ba. A na uku da hantsi liman ya zo da jama'a yi masa addu'a. An ɗaga hannuwa, liman yana tsakiyar roƙo, sai ga wata 'yar ƙara siririya daga ƙarƙashin bargo. Kowa ya yi kamar bai ji ba, yadda ladabi ya tanada. Ni kuwa na zabura na miƙe tsaye.

"Alhamdu lillahi! Majo! Ya yi! Wallahi ya yi, da kunnena na ji!"

Liman ya shafa fatiha da sauri. Isuhu ya ja bargo ya rufe fuska yana cewa a mayar da shi ɗakin aiki. Majo ya zo ya kara kunne a cikinsa, ya gyaɗa kai, ya miƙa mini cokali da ɗan ruwan ɗumi ya ce, "Uku kawai." Na ba shi uku. Ya roƙi na huɗu, na ce ya kai ƙara wurin Gwamna.

Isuhu ya tashi garau, ya koma wajen shanunsa, ya haifi 'ya'ya har ya rasa sunan sa musu. Ni kuwa abin da na koya shi ne, in mai jinya ya ce kada a yi abu, kada in tsaya ina tunani, don tunanina ya fi ciwon haɗari. Har yau ina zuwa dubiya da abinci, ban daina ba. Sai dai nakan fara tsayawa wurin masu farar riga in tambaya. In sun ce a ba shi, in ba shi. In sun ce a'a, sai in nemi inuwa in zauna, in yi wa mara lafiya addu'a, in wanke hannu.