Ranar da Na Goge Hannu da Masararmu

Ko zan manta da komai na duniyar nan, ba zan taɓa mantawa ba da Talatar da na kai Baffa Isa cin abincin mutanen Meksiko a Sakkwato. Har yau in na tuna ina aji sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Taloka, kuma ina noman rani kamar kowa a bakin ruwan Goronyo. Ƙungiyarmu ta manoma gida goma sha biyu ce. Baffa Isa, yayan mahaifina, shi ne shugaba, ni kuma sakatare. An ba ni sakatare ne don na iya latsa waya, sannan na taɓa yin mako uku a Abuja wajen bitar malamai. (Makon nan uku, ban bar kowa ya manta da su ba. Ko gaisuwar mutuwa na je sai na san yadda na yi na ce, "Lokacin da nake Abuja...")

A shekarar, farar masararmu ta rani ta yi albarka, amma ta kowa ma ta yi. Dillalai suka zo suna taya ta tayin wulaƙanci. Buhuna na jibge a ɗakin ajiyar da rufinsa ke yoyo, ƙwaro ya fara leƙowa, ga hadari ya soma haɗuwa a gabas. In ba mu samu mai saye na kirki ba kafin ruwa ya sauka, wahalar gida goma sha biyu ta tafi a banza.

Sai aka ba ni labarin wata Hajiya Luba, mutuniyar Rabah. Mijinta ya yi karatun noma a Meksiko, ta zauna can da shi shekaru, da suka dawo ta buɗe ɗan gidan abinci a ƙofar gidanta a Sakkwato tana yin irin girkin can. Kusan komai nata da masara ake yi, kuma ta gaji da dillalai masu haɗa mata sabuwa da tsohuwa. Manomi take nema ido da ido. Na aika mata tiya biyu ta gwada. Bayan kwana huɗu ta kira ta ce mu zo Talata mu ci abincin rana, sannan a yi magana.

Na sha shaddata mai ruwan ƙasa, na kafa hula, na fesa turare. Tun daga Goronyo har muka wuce Achida ina yi wa Baffa lacca a mota.

"Baffa, wurin ga ba irin rumfar tuwon kasuwa ba ne. Abincin waje yana da ƙa'ida. Abin da duk ka ga na yi, shi za ka yi."

Ya ce, "To, Malam. Ai kai kas san Abuja."

Ban ma lura da yadda ya faɗe ta ba.

Wurin ba wani babba ba ne. Garejin mota ne aka gyara, tebura biyar, kujerun roba, fanka tana ta ƙugi a sama. An rataya wata faffaɗar malfa a bango. Ɗalibai mata uku suna cin abinci a kusurwa, wasu ma'aikata biyu kuma suna kusa da ƙofa. Ƙamshin gasasshiyar masara da tattasai ya cika ɗakin. Hajiya Luba ta fito da kanta, doguwa mai tabarau, ta rusuna ta gaida Baffa, ta tambayi mutanen gida da ruwan madatsa. Baffa ya tambaya a hankali ko naman yankan Musulmi ne, ta yi dariya ta ce, "Baba, mahaucin unguwarmu na, tare muka sallar Idi."

Ta kawo mana faranti ɗaya ɗaya. A kowanne akwai wasu abubuwa uku a nannaɗe, ciki nama da wake da albasa da yaji. Abin da aka naɗe su da shi fari ne, siriri, da ɗigo-ɗigon ƙuna, mai ya ɗan jiƙa shi. Ta ce sunan abincin tako, ta ce mu fara, tana zuwa.

To, ni dai tun da aka haife ni, duk abin da aka naɗe abinci da shi kwance shi ake yi. Mai tsire ya naɗe maka a takarda, ka kwance. Alale a ganye, ka kwance. Sai na ce a raina, su ma mutanen Meksiko ashe sun san takardar tsire, tasu dai ta fi tamu laushi. Na gyara zama, na warware naɗin farko da yatsu biyu cikin yanga, na juye naman a faranti, na ture farin abin gefe. Haka na biyu, haka na uku. Na ɗauki cokali na ci naman, wallahi da daɗi. Da na gama, yatsuna duk mai, na duba ban ga abin goge hannu ba. Sai na ɗauki ɗaya daga cikin fararen nan na goge yatsuna ɗaya bayan ɗaya, na goge baki, na dunƙule shi na ajiye.

Ina ɗaga kai sai na ga Baffa. Innalillahi! Tsohon nan ya shinshina abin, ya kama shi da hannu, yana gatsa gaba ɗaya har da naɗin, yana lumshe ido. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na yi masa raɗa, "Baffa, a kwance!" Ko kallona bai yi ba. Ɗaliban can na ga suna leƙenmu suna danne dariya, na ce shi ke nan, tsoho ya kunyata mu a birni.

Hajiya ta dawo ta tsaya a kanmu. Ni kuwa, don in rufa wa Baffa asiri, na yi murmushin wayayyu na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

"Hajiya, ki yi haƙuri da Baffana. Bai saba da irin wuraren ga ba, shi ya sa ya haɗa har da takardar ya cinye."

Hajiya ta dubi farantina, ta dubi abin da na dunƙule, ta sauke tabarau.

"Wace takarda, Malam?"

Na nuna mata.

Ta ce, "Wagga ita a totiya. Masararku ta. Tiya biyun da ka aiko, ita nid dafa jiya, nin niƙa da asuba, nig gasa da hannuna. Don ita nik kira ku, in ji ta bakin masu ita."

Wata cikin ɗaliban ta ƙware da ruwa. Ɗaya daga ma'aikatan ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Baffa ya haɗiye lomarsa, ya sha ruwa, ya ce, "Ni dai hancina yag gaya min tamu ta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma kunyar ba ta kai abin da ya biyo baya ciwo ba. Hajiya ta ja kujera ta zauna, fara'arta ta ragu.

"Malam, gaya min gaskiya. Kai manomi na, ko dillali na da kas samo tsoho shi rako ka? Dillalai sun sha zo min da shadda da turare. Wanda bai gane masara tai ba ko da ta shiga hannunai, ƙaƙa zan yarda daga gonarshi tah hito?"

Na tuna buhunan nan da rufin da ke yoyo. Na tuna yadda mutane suka rako mu bakin hanya da safe suna Allah ya ba da sa'a. Gaskiya tsoro ya kama ni, na ga na zubar da cinikin gida goma sha biyu da yatsuna biyar.

Ta ce bari dai ta kawo na biyu, tunda ta riga ta dafa, baƙo ba ya tashi da yunwa. Ta kawo wani abu mai tururi, dogo, a ƙunshe, an ɗaure bakinsa. Ta ce sunansa tamal.

Zuciyata ta ce, wannan ai tubani ne, kwance shi. Sai wata zuciyar ta ce, kai, ba ka daddara ba? Yanzu-yanzu kwancewa ta jawo maka abin kunya. A wurin nan ba a kwance komai. Don in nuna wa Hajiya na ɗauki darasi, na kama shi da hannu biyu, na yi bismilla, na kai masa wawan gatso har da ƙunshin.

Jama'a, ɓawon masara ne. Busasshen ɓawon nan da muke watsa wa awaki.

Na tauna, ya ƙi taunuwa. Na ja, ya ƙi tsinkewa, zare-zarensa suka shige tsakanin haƙorana. Tofarwa ba hali, haɗiyewa ba hali. Ta gefen ido na hango Baffa yana kwance nasa a natse, yana cewa, "A'a, tubani na mai nama." Wannan karon babu wanda ya ɓoye dariyarsa, har Hajiya sai da ta rufe baki da gyale.

Ina nan ina ta tuƙa kamar akuya, hawaye na taruwa, sai na ji wani ɗanɗano da na sani. Duk wanda ya tashi yana ɓare masara da haƙori tun yana ɗan shekara bakwai ya san shi: ɗan ɗaci-ɗaci da warin danshi can ƙasa-ƙasa. Na zaro ɓawon daga bakina (ba kyan gani, na sani), na buɗe ragowar a tafin hannu, na ɗaga shi wajen haske.

Na ce, "Hajiya, abin cikin namu ne, amma ɓawon ga ba namu ba ne."

Ta daina dariya.

"Na masarar damina ne. Ruwa ya doke shi tun tana tsaye a gona, aka tara shi bai gama bushewa ba. Dubi baƙin ɗigon ga a gindinsa. Ga shi tsukukke, sai kin haɗa biyu kafin ki ƙunshe ɗaya. Na rantse sai kin wanke shi kin sake wankewa, kuma duk da haka warin yana shiga abincin."

Ta dube ni ta ce, "Sau ukku nika wanke shi. Rabi zubarwa nikai. Wata shidda ina hwaɗa da mai kawo min shi, shina ce min haka ɓawo duk shike."

Nan fa bakina ya buɗe, na manta da shadda, na manta da Abuja. Na gaya mata tamu ta rani ce, ruwan madatsa take sha ta ƙasa, sama ba ta taɓa jiƙa ta ba. A rana take bushewa a kan karanta, ɓawon fari fes, faɗinsa ya kai tafin hannu. Na gaya mata wace gona ce ke ba da mai faɗin, da yadda za a ɓare shi ta gindi don kada ya yage. Ta tambayi yadda muke sayar da shi.

Baffa ya ce, "Saidawa? Hajiya, awaki muka ba."

Ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce dillali ba zai taɓa sanin wannan ba, sai wanda ƙaiƙayin gona ya ci jikinsa. Baffa ya gyara hula ya ce, "Yaron ga manomi na, Hajiya. Bai san abincin mutane ba, amma na awaki kam babu mai ja da shi."

Kafin la'asar magana ta ƙare. Za ta ɗauki masararmu duk bayan mako biyu, da ɓawon a ware a buhu daban. Ta kuma haɗa mu da wasu mata biyu masu yin tuwo da waina a unguwar. Kafin mu tashi ta sake gasa mini totiya uku da zafinsu, ta tsaya a kaina har na cinye. Ban taɓa sanin masarar da nake nomawa tana da irin wannan ƙamshi ba.

A mota na roƙi Baffa, don girman Allah, labarin ya tsaya tsakaninmu. Ya ce, "Haba, Malam, ni da wa za ni hwaɗi?" Kafin sallar isha'i har matan da ke bayan gari sun ji. Washegari na shiga gida na tarar maiɗakina ta ajiye mini tuwo a lulluɓe da faifai, ta ce, "Malam, faifan dai ɗagawa ake yi."

Amma buhunan sun fita daga ɗakin ajiya kwana tara kafin ruwan farko. Yanzu in an yi girbi matan ƙauyenmu ne ke zama a inuwa suna ware ɓawo mai faɗi, kowacce da abin da take samu, awaki kuwa sai yagaggen. In motar Hajiya ta tsaya a bakin hanya, ni ake kira in duba kaya, kuma da taunawa nake dubawa, a gaban kowa, ba kunya ba tsoron Allah wadai. Sunan da aka laƙaba mini a gari ba zan rubuta shi nan ba, ya isa in ce yana da ƙaho.

Abin da na koya shi ne, in an ajiye maka abincin da ba ka sani ba, ka bar tsohon da ke gefenka ya fara kai loma. Na kuma daina zancen Abuja a wajen gaisuwa. Yanzu in hira ta yi hira sai in gyara murya in ce, "Lokacin da na ci ɓawo a Sakkwato..." Kuma wannan, ba kamar wancan ba, har roƙona ake yi in ƙarasa.