Yadda Ake Gasa Sabar Takwas a Bazara Ɗaya

Kai da aka naɗa shugaban cibiyar ƙirƙirarriyar basira alhali ko lambar sirrin wayarka ba ka riƙe ba, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin ruwan farko ya sauka ka kashe duk na'urorin da aka damƙa maka, kuma ba mai nuna ka da yatsa. Alhaji Gwadabe ya gwada a wata ƙaramar cibiya bayan Ƙofar Guga, ya ci nasara.

1. Kada ka san aikinsu

Sabar manyan kwamfutoci ne da ake jerawa a durowar ƙarfe, aikinsu ƙugi da fitar da zafi. Na Alhaji guda takwas ne. A cikinsu aka tara muryoyin dattawan Katsina, shekara uku ana bi gida-gida ana ɗauka, don na'ura ta koyi jin Katsinanci. Injiniya Haulat, wadda ta haɗa su da hannunta, ta soma yi masa bayani ranar da ya kama aiki. Ya duba agogo. Kai ma duba agogo. Shugaba sa hannu yake yi, sauraro na ƙananan ma'aikata ne.

2. Ji haushin sanyin

Ɗakin sabar na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, biyu gare shi, ofishin Alhaji kuwa fanka. Da ya leƙa ɗakin a watan Maris, sanyi ya daki fuskarsa, ransa ya ɓaci.

"Injiniya, wa ke zama nan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Na'urorin ne ba su son zafi."

"Ni ina so? Ƙarfe shina shan sanyi, ni mai jikoki ina tsiyayar zufa?"

Washegari aka ciro ɗaya aka kafa a bayan kujerarsa. Lura, ɗaya tak ya ɗauka. Wannan shi ake kira adalci.

3. Binne takarda

Haulat ta rubuto cewa esi ɗaya ba zai riƙe ɗakin ba, a ba ta izini ta kwafi muryoyin ta ajiye a wani wuri. Alhaji ya rubuta "a tattauna", ya ɗora kofin shayi a kai. Ta sake rubutowa, ya sake ɗorawa. Da ta zo da ma'ajiyar bayanai tata ta kanta za ta kwafa, ya sa maigadi ya karɓe.

"Kayan hukuma ba su fita a jakar mace," in ji shi.

4. Gayyato baƙi

Zaɓi tsakiyar Afrilu. Manyan baƙi ba sa zama cikin zafi, don haka a kai esi na biyu zauren taro, na yini ɗaya kawai.

"Alhaji, don girman Allah, to a kashe na'urorin har a gama," in ji Haulat.

"A kashe mi? Su za a nuna!"

Ta aika gida aka kawo mata fankoki biyu, ta wangale ƙofa, ta tsaya tana kallon ma'aunin zafi yana hawa. Ana cikin jawabi na uku wani baƙo ya shinshina, ya tambayi na kusa da shi ko masara ake gasawa. Kafin kiran azahar sabar sun ƙone, allon da ake nuna aikinsu a zauren ya yi baƙi ƙirin. Yi abin da Alhaji ya yi: ka ce a tafa, a wuce wajen abinci.

5. Kafa kwamiti

Ka shugabance shi da kanka. Na Alhaji ya zauna sau biyu, ya gano Haulat ba ta sanar da shugaba a kan lokaci ba. Aka mayar da ita sito tana ƙirga kujeru. Shi kuma aka yaba masa da saurin bincike.

6. Iya sallamar mutane

Nan ake gane gwani. Malam Sada, wani tela daga Gobarau, ya zo da sassafe a kan keke. Mahaifiyarsa, Hajiya Dije, ta ba cibiyar tatsuniyoyi da waƙoƙin daka na kwana da kwanaki, ta rasu da azumin bara. Bayan doguwar gaisuwa ya ce yana son 'ya'yansa su ji muryar kakarsu.

"Kwantar da hankalinka, Malam," in ji Alhaji. "Irin waɗannan abubuwa yanzu a gajimare ake ajiye su."

Malam Sada ya leƙa taga. Sama fes, ko ɗigon girgije babu.

"To yaushe za ta sauko, Alhaji?"

"Ana kan aiki."

A bakin ƙofa ya haɗu da Haulat, ita ce ta faɗa masa gaskiya, idonta a ƙasa. Ya yi salati, ya ce, "Ashe sau biyu za mu yi rashinta." Bai hau keken ba, tura shi ya yi har ya sha kwana.

Kai dai kada ka tsaya a taga lokacin. Alhaji bai tsaya ba.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ruwansa da ƙaurin da zai kama rigarka, ko tsinuwar injiniya, ko gaisuwar da tela zai yi maka a masallaci ka kasa ɗaga ido. A ofisoshin duniya kaɗai aka gwada matakan nan. Inda ake tambayar mutum shi kaɗai a kwance, ba ni da labarin wanda suka yi wa aiki.