Rasuwar Faifan Zarto Mai Haƙora Arba'in

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni kafintan shagon ƙarshen layi ina sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar faifan zartona mai haƙora arba'in, bayan shekara goma sha ɗaya a kan injin yankan katako. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana tsakiyar fitar da harshen ƙafar kujera, wato bakin katakon da ake zurawa a rami wajen haɗi.

Ba ni na zaɓe shi ba. Ranar da na je saye, wani mai haƙora tamanin na ɗauko, yana ta ƙyalli, don a ganina yawan haƙori shi ne nagarta. Wani tsoho mai washi da rumfarsa ke jikin kantin ya karɓa ya jujjuya, ya ce wannan haƙoransa a karkace suke, ɗaya dama ɗaya hagu. Zai bar min tsini a gindin rami, harshen katako ya ƙi zama daram. Sai ya miƙo min marigayin, ya sa na shafa kan haƙoransa da yatsa, na ji su a baje, kai ɗaya. Ranar na san faifan, ranar na san Baba mai washi.

Marigayi mai gaskiya ne. Inda na ja layi nan yake bi. Ramin da ya yanka, in ka zura harshen sai ka ji "ƙwas", ko gam ba ka shafa ba. Bai taɓa ƙona min katako ba, bai taɓa cillo min guntu a ƙirji ba. Da safe yakan fara da "ziiii", in ya kama katako ya koma "shaaa". Tun da uwar yara ta rasu, yaran kuma kowa ya kama gabansa, akwai ranakun da muryarsa kaɗai nake ji daga buɗe shago har rufewa.

Ya bar ƙanne biyu rataye a bango: mai haƙora tamanin ɗin nan da na koma na saya saboda taurin kai, ɗan gayu ne, sai yankan falanki, da mai ashirin da huɗu, sarkin haɗama, wanda tsaga kawai ya sani. Ya bar kujeru shida da ba a gama haɗawa ba. Ya bar ni.

Game da jinyarsa kuwa, dole in faɗi gaskiya, da hannuna a ciki. Faifai irinsa sau uku a shekara ya ishe shi washi. Ni kuwa duk Alhamis ɗin duniya sai in kwance shi, in naɗe a tsumma, in tafi rumfar Baba in ce ya dakushe. Da kaifinsa fes. Baba ya sa shi a dutse, ni in zauna a bencinsa, mu yi ta hirar ciwon gwiwa da lalacewar katakon zamani har inuwa ta juya. Kunya nake ji, da furfurata, in je wurin mutum hannu sake in ce kaɗaici ne ya kawo ni. Kowace hira tana cin haƙorin marigayi kaɗan kaɗan, har suka zama siraran da ba su da ƙwari. Ranar Talata uku suka fita lokaci ɗaya, ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, na kashe injin.

Na kai gawar rumfa. Baba ya ɗaga ta a haske, ya ce babu sauran abin wasawa. Ya raka ni kanti ya zaɓo min sabo, shi ma mai bajajjen haƙori, ya ce wannan sai ya yi wata shida bai nemi dutse ba. Wata shida ba ni da abin naɗewa a tsumma.

Zan tafi sai ya riƙe min hannun riga.

"Kafinta, sau nawa ka kawo min faifan nan da kaifinsa, ka taɓa jin na ce uffan? To bencina ƙafarsa na rawa. Ka riƙa zuwa kana duba min."

Na durƙusa na girgiza bencin ta kowane gefe. Ko motsi bai yi ba. Na ce lallai aikin zai ɗauki lokaci.

Za a yi sallama da marigayi ranar Asabar da yamma a cikin shago. Na haɗa masa akwati da zarton hannu, sai a yi haƙuri da kusurwoyin, wanda ya iya su shi ne a ciki. Za a ajiye shi a kan kanta, sama da inji, inda zai riƙa jin aikin magajinsa. Masu ta'aziyya suna iya zuwa kowace rana, kujera ɗaya ce amma za ta isa. Ban da Alhamis. Alhamis ba na nan, ina da gyaran benci.