Ranar Da Na Je Ceton Mai Jan Hanci

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran labarai, da ranar da na dira cikin filin wasan shanu a Amurka sanye da farar jallabiyata.

Ni a unguwar Hindawiyya aka haife ni, kuma tun ina saurayi nake aiki a kasuwar dabbobi ta kudancin Jidda. In aka sauke bijimi daga jirgin ruwa ya ƙi tafiya, ni ake kira. Na san aikina, kuma (Allah ya yafe min) ina son a san na sani.

Kafilina, wato maigidan da ya tsaya min a ƙasar, Abu Majid, busasshiyar ciyawa yake shigowa da ita daga waje. Wata shekara ya ce in raka shi kwana huɗu wani gari a yammacin Amurka, don ni da hanci nake gane ciyawa mai kyau. Muka tarar garin ana bikin rodiyo, wato gasar hawan bijimai da dawakai marasa horo. Kowa da malafa da dogon takalmi, har mai karɓar baƙi a otal. Manomin da muka je wurinsa, wani dattijo Mista Rendi, ya samo mana kujerun gaba, dab da shingen ƙarfe.

Kafin a fara, Rendi ya yi ta bayani yana nuna fili. Turancina bai wuce gaisuwa ba, sai Abu Majid ya juyo zai fassara min. Na ɗaga masa hannu.

"Halas, ya Abu Majid, ba sai ka wahala ba. Shanu ne fa."

Aka fara. A buɗe ƙofa, bijimi ya fito da mutum a bayansa, kafin ka gyara zama ya watsar da shi. Ina ta sharhi kamar ni na shirya gasar. Can sai na hango wani bawan Allah a tsakiyar fili kusa da wata ganga: fuska shafe da farin fenti, hanci ja, wando duk faci. Yana ta rawa a gaban ƙahon bijimi. Nan take na yanke hukunci: mai taɓin hankali ne ya sulale ya shiga. Na duba jama'a, sai dariya suke suna cin gugguru. Raina ya ɓaci. Mutum zai mutu a gabansu ba mai motsawa!

Wani jan bijimi ya yar da mahayinsa ya juya kan mutumin nan. Na naɗe jallabiya na kama shinge. Abu Majid ya yi ihu, "Ya rajjal, ina za ka?" Ai tuni na dira.

Ƙasar filin laushi gare ta, silifas ɗina ɗaya ya tsaya a wurin. Na isa na damƙi hannun mutumin ina cewa, "Yalla! Gudu!" Ya kalle ni. Har yau ina tuna kallon nan: shi ne mai hankali, ni ne wanda ya sulalo.

Bijimin kuwa ya ga farin tufa yana kaɗawa. Na tsaya na daka masa tsawar da nake yi wa namu, "Hai! Hai!" A lokacin na tuna cewa namu daga jirgi suke saukowa, da yunwa da jiri. Wannan a ƙoshe yake, kuma fushi ne sana'arsa.

Mutumin da na je ceta ya cafke ni ta wuya da ƙugu, ya cusa ni cikin gangar, kai a ƙasa. Na ji dum, bijimin ya tunkuyi gangar! Duniya ta yi ta juyawa ina salati. Da aka kore bijimin, ta ƙafa aka zaro ni, jallabiya ta tattare a wuya. Na ɗaga ido sai ga ni a wani ƙaton allon talabijin: ƙafafu biyu suna harbin iska daga bakin ganga, da gajeren wandona mai ratsi-ratsi. Suka maimaita a hankali, sau uku. Jama'a na tafi (ashe sun ɗauka cikin wasan ne).

Masu tsaro ba su tafa ba. Suka kai ni wani ɗaki suka karɓi fasfona. Abu Majid ya biyo mu ya tsaya a bakin ƙofa, ni kuwa ina tunanin bizata, da cinikinsa, da iƙamata, takardar izinin zamana, da ke hannunsa.

Sai ga mai jan hanci ya shigo, ya cire hancin nasa na roba. Magidanci ne da furfurarsa. Ashe aikinsa ke nan, janye hankalin bijimi daga mahayin da ya faɗi. Abin da Rendi yake bayani ke nan tun farko. Ya yi magana da masu tsaron, sannan ya riƙe hannuna ya faɗi wani abu. Wannan karon na bari aka fassara.

"Ya ce tun da ya fara aikin nan ba wanda ya taɓa shigowa cetonsa, har matarsa. Ya gode. Yana roƙonka kada ka sake."

Suka ba ni fasfona suka raka ni waje da takalmi ɗaya. Rendi ya sayar mana da ciyawar, amma duk sanda ya kalle ni sai ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Bidiyon kuma ya riga ni isa Jidda. Yanzu a kasuwa ba mai kirana da sunana, sai Abu Ganga.

Abin da na koya: in ka ga dubban mutane a zaune hankali kwance, kai kaɗai ka miƙe za ka yi jarumta, taɓa na kusa da kai ka tambaye shi tukuna. In kuma ka ƙi, to ka tabbata wandonka na ciki na shiga jama'a ne.